Haikalin da Aka Ƙwaƙule Daga Allo

Mijina ne ya fara gani, kuma bakinsa ne ya so yanka masa wuya.

Saura kwana goma sha biyu sabuwar shekara. Da safe muka isa tsohon rumbun gishiri inda muke aiki, shi a gaba yana ɗingishi, ni a baya da tulun ruwan zafi. Yana yaye ƙyallen da ke kan allon na ji ya ƙwalla ƙara.

"An ƙwaƙule haikali! Riku, zo ki gani, an ƙwaƙule haikali!"

Allon buga hoto ne na icen sakura, wata biyu cur mijina Seikichi yana sassaƙa shi: garinmu Kurotomari kwance cikin dusar ƙanƙara, teku a gaba, tudu a kowane gefe. Yanzu ga rami a gefen dama, faɗin tafin hannu, itacen duk ya tsattsage. Wuƙar sassaƙarsa na yashe a kusa.

Kafin ruwan tulu ya huce rumbun ya cika. A hunturu ba a fita kamun kifi, mutanenmu ba su da aiki sai jiran abin magana, ga shi kuwa ya samu. Maigida Zenjuro, mai jiragen da rabin gari ke ci a ƙarƙashinsu, shi ya sa a yi hoton, a buga ɗari biyu a raba wa gidaje kyautar sabuwar shekara. Har a haikali an yi shela.

"Ba wuƙarsa ba ce wannan?" in ji wani daga baya.

"Ai ya faɗa," in ji wani. "Da kunnena na ji."

Ya faɗa ɗin kuwa, uban 'yan baki. Makon da ya wuce a gidan wanka, Malam Doshin na haikali ya yi ƙorafin an ƙanƙanta masa haikali a zane, Seikichi ya ce, "In ya dame ka sai in cire shi ɗungurungum, ka huta." Maza goma sha biyu tsirara cikin ruwa, kowa ya adana maganar. Ga shi kuma baƙo. Bayan girgizar ƙasar da ta ƙone Tokyo ya zo mana, da murƙushasshiyar ƙafa da ƙunshin wuƙaƙe. Shekara uku yana aurena, har yau "mutumin Tokyo" ake ce masa.

Maigida Zenjuro yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce hanyar dutse ta toshe, teku ba ta hawuwa, ɗan sanda sai bazara. Saboda haka gari zai zauna jibi da yamma, a duba ko za a yanke gidanmu.

*

Wanda bai zauna da mu ba zai ce yankewa ba komai ba ce, tunda ba duka ba zagi. Kowace safiya ka zura ƙafafu cikin buhunan karan shinkafa, ka tattake ƙanƙara daga ƙofarka zuwa ta maƙwabci, shi ya ɗauka daga nan. In rufi ya yi nauyi maza su taru su sauke, gida-gida. Gidan da aka yanke ba a taka masa hanya, ba a hau masa rufi, ba a amsa masa gaisuwa. Ƙanƙara ce ke ƙarasa sauran aikin.

Ba a ma jira taron ba. Washegari na leƙa, sai ga hanyar maƙwabciyata Otake ta tsaya tun kafin shingenmu. Matar da muka yi wasan ƙasa tare! Na ce, "Otake, ina kwana?" Ta tsura wa ƙafafunta ido kamar yau ta fara ganinsu.

A cikin gida ƙofofin ɗaki sun fara cijewa, kuma ko yaron goye a garinmu ya san ma'anar wannan: azara ta fara lanƙwasa. Seikichi ba zai iya hawa tsani ba. Na hau ni kaɗai na yi ta kwasa har hannuwana suka mutu, ina saukowa na tarar abin da na kwashe ya dawo.

"Bari in tafi kawai," in ji shi. "In ba ni, za su ƙyale ki."

"Ka tafi ina? Ta sama? Zauna ka yi mini shiru, bakin nan ya isa haka."

Tsoro nake ji, shi ya sa nake masifa. Na ɗaura mayafi na nufi gidan baƙi.

*

Baba Matazo maharbin namun daji ne, musamman beyar, daga ƙauyen kan dutse. Ya sauko sayar da fatu, hanya ta rufe a bayansa. Gajere ne, yana warin hayaƙi da kare, an ce ya taɓa gano ɓataccen doki kwana biyu bayan ƙanƙara ta shafe sawunsa.

"Baba, an ce kana bin sawu."

"Na beyar. Beyar ce ta shigar muku rumbu?"

"Mutum ne."

"Af, wannan ya fi wuya. Ita beyar ba ta ƙarya." Ya leƙa ko matar gidan na kusa, ya rage murya. "Kin iya miyar kifi? Wannan baiwar Allah ruwan wanki take ba ni."

A bakin rumbu ya dubi ƙasa ya yi tsaki. Gari gaba ɗaya ya tattake wurin, ba sawun da zai karantu. Ya shiga ya durƙusa gaban allon, ya rufe ido, ya bi ramin da ɗan yatsa.

"Sara shida. Mai ƙarfin hannu, kuma a gaggauce yake. Ina zanen da aka kwafa?"

"Babu shi, Baba. Manna shi ake yi a kan allo, fuska a ƙasa, a sassaƙa ta cikinsa. Wuƙa ta cinye shi."

"Wa ya gan shi kafin a manna?"

"Mutum huɗu, a gidan Maigida Zenjuro. Shi, da Malam Rihei da ya zana, da Malam Doshin, da mijina."

"Ke fa?"

"Ni? Ina madafa ina ɗumama musu giya."

"An taɓa buga allon?"

"Ko ɗigon tawada bai taɓa shi ba. Jiya za mu fara."

Ya karkata kai ya dubi allon ta nan, ya duba ta can. Farin itace ne da siraran layuka, guntun takarda na manne nan da can. Ya ce shi kam bai ga gari ba, zanen kaji ya gani.

*

Wasu na raɗa cewa Malam Rihei ne ya yi cikin maye, don ya ji kunyar aikinsa. Muka same shi ya cusa ƙafafu ƙarƙashin teburin garwashi, bargo har wuya, tulun giya a gefe.

"Ni in ɓata shi?" Ya yi dariya har da tari. "Shi ne abu mai kyau na ƙarshe da hannun nan zai yi. Duba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi. Kafin ya kai baki rabin giyar ta zube a kan bargo. Baba Matazo ya dube ni, na dube shi. Wannan hannun ba zai sari icen sakura sau shida ba, ko tuwo ne sai an taya shi.

"A ina ka tsaya ka zana, Malam?"

"A kan baƙin dutsen da ke cikin teku, bakin mashigar jirage. Da sassafe, bayan ƙanƙarar farko. Ba mai zuwa can da hunturu sai mahaukaci, na kusa barin yatsuna a wurin."

"Me ka gani daga can?"

"Abin da na gani shi na zana. Ni ba na tambayar ido dalili. Ku ja mini ƙofa, kuna shigo da sanyi."

*

Malam Doshin yana da dalili, tunda shi aka ƙanƙanta wa haikali. Muka same shi yana gasa wainar shinkafa a kan garwashi, bai ce mana bisimilla ba.

"Malam, an ce ranka ya ɓaci da hoton," in ji Baba Matazo.

"Ya ɓaci mana. Haikali mai shekara ɗari uku, a mai da shi kamar akurki? Amma ni da wuƙa? Haba, tsoho. Ni fa ko da na duba allon jiya ban ga an taɓa haikalin ba. Na ga tudu a hagu, rufi a kai, lafiya lau. Sai da mutumin Tokyo ya yi ta ihu haikali ne, na ce to, shi ya sani, tunda shi ya yi."

"A hagu?"

"Daga teku ai haikali a hagu yake. Kowa ya san wannan."

Duk da halin da nake ciki sai da dariya ta kuɓuce mini. "Malam, a allo komai a juye yake, kamar a madubi. Abin da ke hagu a takarda, a dama ake sassaƙa shi. Wancan da ka gani ba haikalinka ba ne, ɗaya tudun ne."

Malam Doshin ya ɗaga kafaɗa ya juya wainarsa. Shi kuwa Baba Matazo ya zuba mini ido har na tsargu.

"'Yata," ya ce, "allon nan zai bugu a yadda yake?"

*

Na jiƙa takarda, na goga tawada da burushi, na daidaita gefen takardar a ƙusurwar allo, na murza bayanta da faifan gogewa har kafaɗata ta amsa. Na ɗago ta.

Kai, mijina gwani ne, ko maƙiyi ya gani sai ya faɗa. Ga garinmu kamar ka kira mutane su fito, sai dai a hagu, inda haikali yake, fari ne fat.

Baba Matazo ya karɓa ya ninka ta biyu, hagu a kan dama, ya ɗaga ta saitin taga. Haske ya ratsa ta wurin da ba tawada, ya faɗa daidai kan tudun kudu, kan wani ɗan gida guda.

Gidan Gwaggo Yone ne. Shekara huɗu da suka wuce ɗanta ya sare itatuwan da ke tare ƙanƙara a kan tudu, ya sayar a ɓoye. Ƙanƙara ta gangaro ta binne gida guda da yara biyu. Ɗan ya gudu, taro ya yanke gidan uwarsa, kuma wanda ya furta hukuncin da bakinsa shi ne Maigida Zenjuro, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya. Har yabonsa aka yi.

"Wannan fa?" Baba Matazo ya ɗora farce a kan takardar.

Wasu ɗige-ɗige ne, sirara kamar sawun tururuwa. Sun fito daga ƙofar Gwaggo Yone, suka zagaya ta bayan tudu inda ba a hangowa daga gari, suka gangaro suka ɓace a bayan babban gida mai rumbuna uku. Ba wanda zai kula da su a kallo ɗaya. Amma hoto ɗari biyu a bangon gidaje, mutane a kulle wata uku ba abin kallo sai shi? Ko makaho sai ya gani.

Na kai wa Seikichi takardar a gida. Ya ce, "Ɗigo na gani a zane, na sassaƙa ɗigo. Ni na san me?"

Gaskiyarsa. Amma mu 'yan gari fa? Shekara huɗu muna ganin hayaƙi na tashi daga gidan tsohuwa, ba wanda ya tambayi kansa itacen wa take ƙonawa. Har da ni.

*

Ranar taro da safe muka zagaya bayan tudun kudu. Ƙanƙara ta zuba sabuwa, wurin sumul, ko sawun tsuntsu babu. Baba Matazo ya riƙa caka doguwar sandarsa. Nan ta nutse har hannu, can ta nutse har hannu, sai a tsakiya ta tsaya cak. Ya yanka wurin da shebur, sai ga ƙanƙara mai tauri hawa-hawa, kamar ninkin zannuwa a akwati.

"Kowace safiya wani na taka hanya a nan," ya ce. "Har yau ma ya taka, kafin gari ya waye."

Muka bi ta da sanda har ƙofar Gwaggo Yone. Shi ya shiga, tunda dokarmu ba ta hau kansa ba. Ni na tsaya a waje, ina waige-waige kada a gan ni, alhali gobe ma ƙila ni ce ita.

"Ba mai zuwa nan," na ji tana cewa. "Wa zai zo?"

"To busasshen kifin nan da ƙafarsa ya hau tudu, Gwaggo?"

Can ta ce, "Wa ke waje? Na ga inuwa." Ta leƙo, 'yar ƙaramar tsohuwa a duƙe, ido duk ya yi fari. "Riku ce? Ke ce, 'yar nan? Ni na yanke miki cibiya, kin zo duniya da masifa. Kada ki amsa, na sani. Kin yi ƙiba, madalla."

Ban amsa ba.

Ta juya ga Baba Matazo ta kama hannun rigarsa. "Bawan Allah, ka rufa masa asiri. Bai taɓa yi mini magana ba, ko sau ɗaya, ya kiyaye dokarsu. Ya taka hanya, ya tone ƙofa, ya ajiye abin da ya kawo, ya juya. Tarinsa kawai nake ji."

Muka bi hanyar zuwa ƙasa. Ta ƙare a wata 'yar ƙofa a bayan rumbun komar kamun kifi na babban gidan nan. Kafin mu ƙwanƙwasa ta buɗe, Maigida Zenjuro na tsaye, ya ga shebur ya ga takarda a hannuna.

"Riku," ya ce a hankali, "ku yi shiru. In bazara ta zo zan sa jirgi ya kai ku duk garin da kuke so."

"Ranka ya daɗe, rufinmu ba zai kai sabuwar shekara ba, balle bazara. Ka ce musu ba shi ba ne."

"In ba shi ba ne, sai sun tambayi wane ne."

"To ka sa a sauke mana rufi."

"In na sa, sai sun tambayi dalili."

Ya ja ƙofar ya rufe.

Baba Matazo ya karkaɗe sheburinsa. "'Yata, ki ji da kyau. In na nuna takardar nan, rufinki ya tsira, hanyar tsohuwa kuma ta rufe. Ni baƙo ne, hanya na buɗewa zan tafi. Ke za ki zauna da su, ke za ki zaɓa."

Zan so in ce na daɗe ina tunani. Ban daɗe ba. Na tuna ƙarar azara a kan mijina, na ce, "Nuna."

*

An taru a zauren haikali, magidanta a gaba, mu mata a bayan ginshiƙai. Seikichi na durƙushe a tsakiya, ƙafarsa mai ciwo a miƙe tunda ba ta lanƙwasuwa, wani har yana cewa dubi zaman raini. Maigida Zenjuro na sama kusa da Malam Doshin. An ɗauko Malam Rihei a goye.

Baba Matazo ya ajiye allon a ƙasa. Ya kira masunta uku ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya nuna masa tudun kudu. Na farko ya ɗora yatsa a kan ramin. Na biyu ma haka. Na uku ya tsaya ya yi nazari sosai, don shi mai wayo ne, sannan shi ma ya nuna ramin.

"Malam Rihei, tudun kudu ne wannan?"

"Haikali ne, jakuna. Allo a juye yake."

Aka yi 'yar dariya. Baba Matazo ya fito da takardar, ya ninka, ya ɗaga ta a haske, ya bi layi-layi da ita yana nuna ɗige-ɗigen. Dariya ta ɗauke. Ya faɗi abin da sandarsa ta taɓa a bayan tudu, da ƙofar da hanyar ta ƙare.

"Wanda ya yi wannan ba haikali ya zo cirewa ba," ya ce. "Hanyar nan ya zo cirewa. Ya tuna a dama ya gan ta a zane, ya shiga da duku-duku yana sauri, ya sari dama. Mutum huɗu suka ga zanen. Biyu sun san allo kamar tafin hannunsu, ko a mafarki ba za su yi wannan kuskure ba. Na uku, ku gafarce ni, ba na jin ya taɓa ganin fitowar rana da hunturu."

Ba wanda ya dubi na huɗun. Mutum ɗari a zaure, kowa na kallon tabarma.

Maigida Zenjuro ya sauko da kansa. Ya durƙusa kusa da mijina, ya kai goshi ƙasa.

"Ni ne. Na ga hanyar tun ranar da aka shimfiɗa zanen a gidana, na rasa bakin cewa a cire ta. Ban yi nufin a ɗora wa wannan mutum ba, amma da aka ɗora masa na yi shiru." Ya ɗago. "Yayata ce, ita ta goye ni. Uwarmu ta mutu ina wata takwas."

Sai uban yaran nan biyu ya miƙe. Mutum ne marar magana, shekara huɗu ban ji muryarsa a taro ba.

"Ni ma na goyi nawa," ya ce. "Da bakinka ka faɗi dokar, Maigida. Ko ta talaka ce kawai?"

Wa zai amsa masa? Yanke Maigida Zenjuro ba ya yiwuwa, jirgin wa za a hau in bazara ta zo? Sai aka tsaya a kan ya rantse gaban bagadi ba zai sake taka hanyar ba, a kuma buga katako a ƙofar bayan rumbunsa. Ya rantse. Aka ce Seikichi ya cike ramin ya mai da haikali, ya kuma kankare ɗige-ɗigen nan. Mijina ya dube ni, na gyaɗa masa kai.

*

Kafin duhu maza ashirin suna kan rufinmu, suna waƙa suna jefo ƙanƙara. Na tura ƙofar ɗaki da yatsa ɗaya ta zame. Na zauna a ƙasa na yi kuka don daɗi, ba zan ɓoye ba. Otake ta shigo da kwanon tsamin kabeji tana cewa ita dama ta san ba shi ba ne, na karɓa har da godiya.

Baba Matazo ya ci miyar kifinsa kwano uku. Kwana uku yana hawa tudun kudu da rana tsaka, kowa na gani, ba mai iya ce masa komai. A na huɗu sama ta washe, ƙanƙara ta yi tauri, ya ɗaure kayansa, don shi ma yana da tsohuwa a kan dutse. Na raka shi bakin gari.

"Na tara wa Gwaggo Yone itace na kwana biyar," ya ce. "Saura ke."

Na ce to.

Washegari ƙanƙara ta dawo kamar da gayya. Na ce bari ta lafa. Rana ta biyu muna bugu, hoto ɗari biyu ba wasa ba ne. Rana ta uku na ɗauki buhunan takawa har na kai shinge, sai ga Otake tana gaishe ni da fara'a, ta tambayi ina zuwa, na ce ba ko'ina. Kowace safiya ina leƙa tudun kudu, in na ga hayaƙi in ce gobe. Ranar sabuwar shekara aka raba hotuna, kowa na yabon mijina, har wani ya kira shi da sunansa.

Kwana biyu bayan nan na leƙa, ba hayaƙi.

Dokarmu ta bar ƙofa biyu ga gidan da aka yanke: in ya kama da wuta a je a kashe, in an mutu a je a ɗauko gawa. Malam Doshin ya buga ƙararrawa, gari ya fito kaf, kowa da buhunansa. Ta gaban tudu muka bi, da rana, Maigida Zenjuro a gaba, uban yaran nan a bayansa. Ba mai magana, sai ƙarar kara a kan ƙanƙara.

Tun da nake ban taɓa ganin hanya mai kyau irin wannan a Kurotomari ba. Mutum huɗu suka jera a kanta da makara a kafaɗa, ba wanda ya nutse ko zuwa idon sawu. Gaɓar ƙarshe, daga shinge zuwa bakin ƙofarta, ni ta faɗo wa. Na taka ta da kyau ƙwarai.